Daga Ikara Zuwa Kudan da Faifan Baba Ishaya

Tun da na dawo makaranta abokan ɗakina ba su bar ni na huta ba. Kowa so yake ya ji yadda tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu ta cinye mini kwana biyu, da abin da ya sa na dawo ina sauraron kiɗan da babu mai rera waƙa a cikinsa. Idan na fara ba da labari da baki sai in sarƙe, su yi dariya, in yi shiru. Shi ya sa na ga gara in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Baba Ishaya maƙwabcinmu ne a Ikara, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutumin kudancin Kaduna ne, aikin koyarwa ya kawo shi garinmu, ya yi ritaya ya zauna. A ɗakinsa na fara ganin littattafai jere a kan kanta, shi ne kuma ya fara ba ni aro. Yanzu idonsa ya tafi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, 'yarsa Anti Rifkatu ce ke kula da shi.

Sai a hutun nan na san cewa kafin ya zama malami ya yi shekaru yana busa ƙahon Turawa a wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa a Zariya, su shida, masu kiɗan jaz. Ya bayyana mini cewa a irin wannan kiɗa ana fara tafiya tare, sannan a ba kowa fili ya busa abin da ya zo masa a lokacin, kuma abin da mutum ya busa yau ba zai sake busa irinsa gobe ba. Wata rana wani ma'aikacin gidan rediyo ya yanka musu faifai guda ɗaya tak, ba irin wanda kamfani ke bugawa da yawa ba. Da ƙungiyar ta watse faifan ya zauna a hannunsa, a ƙasan akwati, fiye da shekara hamsin ba a sa shi ba.

Ya sa Anti Rifkatu ta ɗauko, ya shafa jakar takardar da hannunsa mai lafiya.

"Minti huɗu ne duka," ya ce. "Farkon na kowa ne. Amma a ƙarshe suka bar ni ni kaɗai, daga ni sai mai ganga. Nan nake so in ji, Nasiru, ko sau ɗaya."

Ya ce in kai wa wani tsohon abokinsa mai gyaran rediyo a Makarfi, Malam Tanimu, ya sa mini, in ɗauka a waya in kawo masa. Da na tambayi dalilin da ya sa ya zaɓe ni, sai ya ce ni kaɗai ne nake mayar masa da littafi da sabon bango.

Kwana uku na yi ina karatu a kan irin wannan faifai. Farantin alminiyam ne aka shafe da wani baƙin abu siriri kamar fenti, a cikinsa aka zana sautin. Idan ya tsufa fentin yakan tsattsage, wani farin gari ya fito a kansa kamar fumfuna. Na rubuta a ƙaramin littafina cewa ba ya son zafi, ba ya son allurar ƙarfe ta garmahon da ake wanawa da hannu, kuma ruwa shi ne babban abokin gabarsa, don yakan shiga tsagar ya ɗaga fentin. Na ja layi biyu a ƙarƙashin ruwa. Na kuma rubuta cewa mai yiwuwa sawa ɗaya ta rage masa. Kafinta ya yanka mini siraran katako biyu, na naɗe faifan da tsohon ɗankwalin mahaifiyata, na sa a tsakani, na ɗaure da robar tayar keke.

A tashar Ikara kwandasta ya so ya jefa shi a but tare da kwandunan tumatir. Ban iya musu da shi ba, rungume kayana kawai na yi na shige na zauna, yana ta mita cewa ɗan boko ya ɗauko allo. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Gazara mai sayar da daddawa. Ta dubi yadda nake riƙe da katakon, ta yanke wa kanta hukunci cewa hoton ƙirjin mara lafiya ne zan kai asibiti, ta yi ta addu'ar Allah ya tashi kafaɗunsa. Na riƙa cewa amin. Rana ta buga ta tagar da nake, na cire hulata na rufe gefen katakon da ita.

A kan iyakar ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi muka tarar da shingen 'yan sa-kai, sun gitta katako mai ƙusoshi. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo, idonsa ya sauka a kan kayana, ya ce in sauko in kwance. Na kwance a gefen titi. Da baƙin faifan ya bayyana, ya ɗauka kamar yadda ake ɗaukar faranti, babban yatsansa a kan fuskar, ya ɗaga sama yana juyawa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kara a kunne. Mutanen mota suka fara dariya, wani ya ce ai murfin tukunya ne. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "yallaɓai", sau biyu.

Dattijuwar ce ta leƙo ta taga ta ce masa, "Ɗana, mayar masa da abinsa. Ba ka ga jikinsa na ɓari ba? Ko mene ne, amana ce."

Ya mayar. Amma ya bar shatin yatsansa sarai a kan farin garin, daf da baki. Har muka isa dattijuwar ba ta sake yi mini addu'ar mara lafiya ba, sai dai da za ta sauka ta ce in dinga buɗe bakina.

Mun shiga Makarfi ranar kasuwa. Damman rake a tsaye ko'ina, manyan motoci suna lodi, ga masu baro suna ihu a ba su hanya. Na ɗaga katakon a kan kaina na ratsa har shagon Malam Tanimu, wanda ke cike da matattun rediyoyi da lasifikokin masallatai. Dattijo ne mai fara'a da babbar murya. Da ya ji wanda ya aiko ni ya tafa hannu, ya ce ashe Ishaya na nan da ransa, ya tambayi lafiyarsa da ta 'ya'yansa da ta jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ba ni ruwa. Sannan ya karɓi faifan.

Ya ga farin garin, ya ga shatin yatsan, ya girgiza kai ya ce an bar kaya sun yi fumfuna. Ya jawo tsumma, ya karkato buta ya jiƙa shi.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan labari. Ina gani. Littafina na cikin aljihu, da layi biyu a ƙarƙashin kalmar ruwa. Amma mutumin nan sa'an kakana ne, a shagonsa nake, ruwansa na sha yanzu, kuma aikinsa ke nan tun ba a haifi mahaifina ba. A gidanmu ba a ce wa babba "ba haka ake yi ba". Na tsaya ina shirya yadda zan faɗa cikin ladabi, ina neman kalmar farko, shi kuwa ya ɗora tsumman a kan shatin yatsan ya murza, ya bi bakin faifan ya kewaya.

Da ya ɗaga, tsumman ya yi baƙi. A bakin faifan wani wuri mai tsawon ɗan yatsa ya yi fari fat, ƙarfen yana ƙyalli.

Ya ce dattin shekaru ne, ba komai. Ya jawo garmaho daga ƙarƙashin tebur ya fara wana shi, ya zaro allurar ƙarfe daga gwangwani. Ko a lokacin ban iya magana da bakin kaina ba. Sai na yi ƙarya, na ce Baba Ishaya ya ce kada a sa shi sai a na'ura mai aiki da lantarki. Malam Tanimu ya tsaya da wanin, fara'arsa ta ragu. Ya ce ashe Ishaya ya zama Bature a tsufansa. Ya miƙo mini faifan, ya ce in irin wannan nake nema sai in tafi Kudan wurin Malam Haladu, tsohon malamin gona, shi da mutanensa suna zaman sauraron faifai kowace Alhamis bayan la'asar, gobe ke nan.

"Amma ka shirya," ya ce. "Mutanen nan faifai ya fi musu mutum daraja."

Na fito ina lallashin kaina. Allura daga baki take farawa, kowa ya san haka. Ke nan abin da ya tafi farkon kiɗan ne, wanda Baba ya ce na kowa ne.

Na sauka a gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina da ke aure a Makarfi. Ta yi murna, ta yi faɗan ban sanar ba, ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka da man shanu, ta zauna tana ƙirga lomata tana cewa makaranta ta cinye ni. Ta so ta ɗora kayana a kan sif, na ce kusa da kwanon rufi akwai zafi, na tura shi ƙarƙashin gado. Ta ce tun ina yaro haka nake, ko takalmina ba na yarda a taɓa.

Da safe bayan koko da ƙosai na fito tsakar gida na kwance faifan a inuwa, don in auna ɓarnar. Takardar da ke manne a tsakiyarsa ta dafe, tawadar ta kusa ɓacewa. Na ɗauki hotonta da waya na ƙara girma. Sunaye shida ne, na huɗu na Baba Ishaya. A ƙasa kuma akwai wani rubutu da fensir, da Turanci, wanda ban lura da shi ba a Ikara. Cewa aka yi a fara daga ciki.

Na taɓa cin karo da wannan a karatuna, na wuce ban rubuta ba. Wasu ma'aikatan rediyo na da sukan yanka faifai daga tsakiya zuwa baki. Na daɗe a tsugune ina kallon wurin da ke ƙyalli. Ba farkon kiɗan tsumma ya ɗauke ba, ƙarshensa ne.

Ina nan Anti Rifkatu ta kira. Ta ce Baba tun asuba yake tambaya ko na ji, ya sa an fito masa da kujerarsa waje yana jira. Na ce an tura ni Kudan, sai gobe. Ban faɗi sauran ba.

Bayan azahar na hau acaɓa. Mai babur ɗin manomin rake ne, ya yi ta ba ni labarin yadda ruwan rijiyoyin fadama ya ja baya bana, ni kuwa idona na kan gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Mun tsallaka babban titi, mun kama hanyar Kudan, sai iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan katakon. Na daki kafaɗarsa da ƙarfin da ni kaina na yi mamaki. Muka fake a wata rumfa inda ake dafa ruwan rake ana yin mazarƙwaila. Rumfar ƙarama ce. A ciki ga wuta tana ci a ƙarƙashin manyan kaskuna, zafinta na dukan fuska, a baki kuma ga feshin ruwa, rufin yana yoyo wuri uku. Na cire rigata ta sama na naɗe katakon, na tsaya a wani ɗan tsakani da bai fi taku ɗaya ba, in iska ta juyo in matsa ciki, in zafi ya yi yawa in matsa waje. Masu aikin suka kalle ni suka kalli juna. Ɗaya ya ɓallo mini mazarƙwaila mai ɗumi, da ya ga hannuwana biyu ba su da sarari sai ya sa mini a aljihu.

Ruwan ya sa na makara. Gidan Malam Haladu a gefen gari yake, ɗakin zaman nasu tsohon sito ne mai kaurin bango, an rataye buhunan algarara a jikinsa ta ciki. Daga waje na ji kiɗa a hankali. Na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa na fara gaisuwa yadda aka koya mini: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Dattawa biyar ne a zaune a kan tabarma da kujeru. Babu wanda ya amsa. Babu ma wanda ya dube ni, sai wani siriri mai farin gemu da ya ɗaga yatsa ɗaya bai buɗe ido ba.

Na zauna a durƙushe fiye da minti goma, na tabbata na yi wani laifi, ko Malam Tanimu ya riga ya bugo waya. A Ikara ko labarai mahaifina yake ji, in baƙo ya yi sallama sai ya rage rediyo. Da kiɗan ya ƙare, mai farin gemun ya tashi ya ɗage allura, ya juyo, ya amsa mini gaisuwata tun daga farko, kowace a inda na sa ta, har da ta ruwa. Shi ne Malam Haladu. Ya ce sallamata ya amsa a hankali tun da na yi, amma sauran gaisuwa sai faifai ya sauka, ko da hakimi ne ya shigo. Ya nuna mini wani kwanon sha a bakin ƙofa mai wayoyi biyar a ciki. Ya ce nan waya ke zama. Na ciro tawa, na tsaya kaɗan, na sa.

Sun ce baƙo sai ya ji gefe ɗaya kafin a ji abin da ya kawo shi, don haka na zauna. Faya-fayan suna tsaye a akwatunan katako, da ganyen darbejiya a tsakani saboda gara. Malam Haladu kaɗai ke taɓa su, da gefen tafin hannu. Da batirin sola suke aiki, don janareta na da ƙara, wutar gari kuma takan sa kiɗa ya yi ta jan ƙafa. Akwai babban littafi da ake rubuta abin da aka ji kowace Alhamis. Biyu daga cikinsu ba sa gajiya da tsokanar juna: Mista Bulus, tsohon malamin asibiti da suke kira Likita, da Alhaji Sale mai gonakin rake. Likita ya ba ni labari cewa ɗansa ya taɓa kawo masa duk waɗannan kiɗe-kiɗe a ɗan mimori, an wanke su tas babu shuu ɗin allura, ya ji sau ɗaya ya mayar, don kamar an share ɗaki ne an haɗa da mutanen ciki. Alhaji Sale ya ce ƙarya yake, bai iya kunnawa ba ne. Likita ya ce kurma ba ya shiga maganar sauti. Alhaji ya ce shi kurman ne ya fara jin inda mai ƙaho ya ja numfashi a faifan makon jiya, alhali Likita na gyangyaɗi.

Na so in yi dariya, amma katakon na kan cinyata.

Da aka zo kaina na faɗi wanda ya aiko ni da abin da yake so. Malam Haladu ya kwance robar a hankali, ya ɗauki faifan ta gefe yadda littattafai suka ce, har na ji numfashina ya sauka. Ya karkata shi ga hasken ƙofa, ya ga farin garin. Sai ya ce wa Alhaji Sale ya miƙo masa roba da sabulu. Al'adarsu ce, duk faifan da ya zo baƙo sai an yi masa wanka kafin ya hau na'ura. Alhaji ya jawo robar daga bayan ƙofa, ya tsiyaya ruwa daga jarka.

Na ce "Baba", muryar ba ta fito ba. Na sake cewa, ƙarar ruwan ta danne ta. Malam Haladu ya sunkuya da faifan a hannu biyu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga hannuna a kan wuyan hannunsa, na riƙe gam.

Alhaji Sale ya ajiye jarkar.

"Kai, yaro," ya ce. "A gidanku haka ake yi?"

"A'a, Baba," na ce. "A gidanmu shiru ake yi. Jiya na yi shirun, ga abin da ya jawo."

Na nuna wurin da ke ƙyalli. Daga nan maganar ta ɓalle mini gaba ɗaya, ba tsari: cewa wannan ba irin nasu ba ne, fenti ne a kan ƙarfe, ruwa na ɗaga shi, cewa daga ciki yake farawa, cewa abin da mai shi yake so ya ji yana nan a baki, kuma ban san ko ya rage ba, cewa mai yiwuwa sau ɗaya za a iya sa shi. Na zaro littafina da ɗayan hannun na miƙa. Sai a lokacin na tuna na saki hannunsa.

Malam Haladu ya ajiye faifan a kan ɗankwalin, ya sa tabarau, ya karanta shafina har ƙasa, ya duƙa a kan takardar tsakiya ya daɗe. Ya ce wa Alhaji ya fitar da robar waje. Sannan ya je wurin na'urar. A kan hannun allurar akwai tsohon kwabo mai huji da suka ɗaure da zare don kada allura ta yi tsalle. Ya kwance shi da kansa ya sa a aljihu, ya canza allurar, ya juya maɓallin gudu.

Saura abu ɗaya, kuma tunda na riga na ɓata ladabina sai na ƙarasa. Na ce ina roƙon a bar ni in ɗauko wayata.

Ya ce shekara da shekaru waya ba ta taɓa tsallake kwanon nan ba, kuma ba a kan baƙo za a fara ba. Na ce in ba a ɗauka ba mu shida ne za mu ji, mai shi ba zai ji ba. Likita ne ya gyara zama.

"Haladu, mutumin nan namu ne, ciwo ne ya hana shi zuwa," ya ce. "Yau wannan ba waya ba ce, kunnen Ishaya ne. Ka ba shi wurin zama."

Malam Haladu ya ce in kashe layin. Na kashe, na duba sau uku, na jingina wayar da littafinsu a gaban lasifika. Ya yi bisimilla ya sauke allurar a tsakiya.

Da farko shuu kawai, kamar yayyafi a kan kwano. Sai muryar wani saurayi tana ƙirga ɗaya, biyu, sannan su shida suka shigo tare. Ban san jaz ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuma rabin hankalina na kan allurar, tana tafiya a hankali daga tsakiya zuwa baki, wurin farin nan yana zagayowa yana wucewa, kowane zagaye tana ƙara kusantarsa. A bayanta wani siririn baƙin zare yana tashi yana naɗewa. Fentin ne. Na ga Malam Haladu ya gani, ya dube ni, bai tsayar ba.

Sai sauran suka janye ɗaya bayan ɗaya, ganga ta rage murya. Na ji mutum ya ja numfashi, sarai, kamar yana gefena. Ƙahon ya fara a ƙasa, kamar mai magana da kansa, ya tsaya, ya sake faɗin abin da ya faɗa ta wata hanya, sannan ya fara hawa. Alhaji Sale ya rufe ido. Likita ya ɗora hannu a ka. Ƙahon ya kai wani wuri ya riƙe, ya riƙe, ya fara saukowa, sai allurar ta faɗa kan ƙarfe. Ƙarar ta cika ɗakin. Malam Haladu ya ɗage ta da sauri.

Na je na tsayar da wayar, na adana, na duba ya adanu. Alhaji Sale ne ya fara cewa ashe duk shekarun nan mai wannan busa yana Ikara, su suna nan suna sauraron mutanen ƙetaren teku. Malam Haladu ya buɗe littafin ya rubuta sunaye shida, ya tambayi cikakken sunana ya ƙara a ƙasa. Aka kawo shayi da dafaffen dankali da ƙuli, sai a lokacin na tuna ban ci komai ba tun safe. Da zan tafi ya raka ni bakin ƙofa, ya ce in gaya wa Ishaya suna nan tafe su biyar. Ya duba wuyan hannunsa, ya ce ashe 'yan makaranta ma suna da ƙarfi.

Na kwana a wurin Gwaggo, da safe na kama motar Ikara. Ban shiga gidanmu ba. Baba Ishaya na zaune a kujerarsa a ƙofar ɗaki, Anti Rifkatu na tsaye a bayansa. Bayan gaisuwa na gaya masa komai kafin in kunna, har da tsumma da buta da shirun da na yi. Na ce ƙarshen bai cika ba, kuma faifan ba zai sake sawuwa ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Kunna," ya ce.

Da muryar mai ƙirgan ta fito ya faɗi sunan mutumin a hankali. Bai motsa ba har sauran suka janye. Da aka ja numfashin nan shi ma ya ja. Yatsu uku na hannunsa na dama suka fara tashi suna sauka a kan gwiwarsa, tare da ƙahon, ba su riga shi ba, ba su makara ba. Na san inda ƙarar take, na so in rufe kunnena. Ta zo, ta wuce, wayar ta yi shiru. Yatsun ba su tsaya ba. Suka ci gaba da dannawa a kan gwiwar, leɓensa a matse, ni da Anti Rifkatu muna kallo, babu sauti sai kaji a tsakar gida. Can ya ɗaga hannun ya sauke sau ɗaya, inda ganga ta rufe.

"A nan ya ƙare," ya ce. "Sake sa shi."

Sau huɗu na sa masa a safiyar nan. Kun san halina, daga na biyu na fara duba agogo. Daƙiƙa goma sha tara ne daga inda wayar ta yi shiru zuwa inda hannunsa ke sauka, kuma duk sau ukun bai ƙara ba, bai rage ba. Su ne na yi shiru a kansu a Makarfi. Iyakar tafiyata ke nan.